Wankan Alhaji Ishawu

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2020 gwamnati ta kulle Ankara, babban birninmu na bakin teku, saboda annobar korona. An rufe masallatai, an kuma taƙaita masu bin jana'iza. Cikin wannan hali ne Alhaji Ishawu, tsohon dillalin albasa a kasuwar Agbogbloshie, ya rasu a ɗakinsa da ke unguwar Maamobi, bayan tari na 'yan kwanaki. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya, ya ba da izinin binnewa. Unguwa ba ta yarda ba.

Har hantsi ya dubi ludayi babu dattijon da ya leƙo. Masu wankan gawa a masallacin unguwar tsofaffi ne duka, kuma 'ya'yansu sun tsare su a gida. Saura Baba Seidu, amininsa, wanda ya yi masa alkawari tun suna da ƙarfi cewa shi zai wanke shi. Baba Seidu ya haura saba'in, yana fama da ciwon sukari da asma.

Yana saka takalmi 'yarsa Mardiya, ma'aikaciyar jinya, ta tare ƙofa.

"Baba, ina za ka?"

"Kin san inda zan je."

"Na san abin da nake gani a asibiti. Idan likita ya yi kuskure fa? Ƙirjinka ba zai ɗauka ba."

"Mahaifina ya ba ni labarin murar 1918, wadda jirgin ruwa ya kawo. Ya ce ko a lokacin ba a binne Musulmi da dauɗar jikinsa ba. Ni zan fara?"

"Ban ce a binne shi haka ba. Na ce ba hannunka ba."

Ta kira Muftahu, jagoran samarin da ke zaman shayi a bakin kwata. Tun da aka kulle gari suka koma jera bokitan wanke hannu a lunguna. Ya zo da abokinsa Jamiu, mai gyaran waya a kasuwar Circle. Baba Seidu ya dube su. Bai taɓa ganin ɗayansu ya riƙe magana a ciki ba.

"Waɗannan? Kafin a ɗauki makara duk unguwar nan har Nima ta ji yadda ƙafafunsa suka kumbura. Gawa tana da sirri, Mardiya. Abin da mai wanka ya gani, da shi ake binne shi."

"Baba, ka gwada mu," in ji Muftahu.

"Ka taɓa taɓa mamaci?"

"A'a. Ko kaza Jamiu ba ya iya yankawa."

"Kai ne jarumin? Dubi gwiwarka," Jamiu ya ce.

Rana tana ɗagawa, ɗakin mamacin kuma rufin kwano ne ba silin. Baba Seidu ya san gawa ba za ta jira la'asar ba. Suna isa gidan mamacin ya miƙa hannu.

"Wayoyinku."

Suka zuba masa a aljihu. Mardiya ta ɗaura musu takunkumi, ta saka musu safar hannu biyu-biyu da rigunan leda. Suka shiga ɗakin. Shi kuma ya tsaya a tsakar gida, ya jingina da bango kusa da taga, ya ba ta baya.

"Ku rufe shi daga cibiya zuwa gwiwa. Kun rufe?"

"Mun rufe, Baba."

"Muftahu, naɗe ƙyalle a hannunka, ka tsarkake shi ta ƙarƙashin zane. Idonka a sama. Sannan alwala, kamar taka."

Ya ji ƙarar ruwa a kwano. Yatsunsa suna motsi a iska ba da saninsa ba.

"Dama kafin hagu. A hankali ku juya shi, kafaɗarsa ta dama ta taɓa karyewa."

Sai shiru. Ruwan ya tsaya. Ya kira su, babu amsa. Ya ɗaga ƙafa zai nufi ƙofa, Mardiya ta riƙe masa hannun riga da hannu biyu.

"Muftahu! Me ya faru?"

"Ba komai, Baba," in ji Muftahu. "Ci gaba. Muna jinka."

Ya ci gaba: wanka na biyu, na uku da kafur, sannan likkafani. Da suka fito, gumi ya jiƙe su sharkaf, idanun Jamiu sun yi ja. Mardiya ta zuba musu ruwan sabulu, ta ƙone ledojin a bayan gida.

A bakin lungu abokansu na jira da makara, nesa-nesa da juna. Wani ya ɗaga murya: "Cale, abokina, yaya kuka same shi? Gaskiya ne cutar ce?"

Muftahu ya ce, "Mun same shi Musulmi. Ku kama makara."

Bayan jana'iza, Baba Seidu ya mayar musu da wayoyinsu. A hanyar gida ya rage murya ya tambayi Muftahu abin da ya tsayar da su ɗazu a ɗaki.

Saurayin ya dube shi. "Baba, kai ka ce ba a faɗa."

Tsohon ya ci gaba da tafiya har ƙofar gidansa. A nan ya ce, "Gobe bayan azahar ku zo nan, ku tsaya daga waje. Ban koya muku yanka likkafani ba."