Tozon Ruwa a Kwatar Uwaisu

A shekarun farin nan da gero ya yi wuya, Uwaisu ya samu fangali ɗaya a ƙarshen kwatar noman rani, kusa da Kunci. A ciki ya yafa ragowar irin albasarsa. In wannan ya lalace, shi da noman rani sai baɗi.

Damuwarsa Malam Basiru ne, mai tsaron ƙofar ruwa. Mutumin ba ya rufe ƙofa a hankali, sakinta yake ta faɗa. Da ta faɗa sai ruwa ya yi tudu guda, kamar tozon bijimi, ya kamo hanya shi kaɗai, ba ya fashewa, ba ya raguwa, har ya zo ya daki gaɓar Uwaisu ya zaizaye ta. Kullum Uwaisu na tare wurin da buhun yashi, yana tsaki. Amma fa abin na burge shi, don mutum ne mai shegen son sanin ƙwaƙwaf.

Wata safiya ya ciro tsohon ƙyauren ɗakinsa. A lissafinsa, in ya ingiza ruwa da ƙyauren ya tura nasa tozon, za su yi karo da na Malam Basiru a tsakiya su kashe juna. Matarsa Larai ta ce ya dai riƙe buhunsa, bai ji ba.

Yana jin ƙarar ƙofa, ya tsoma ƙyauren ya ingiza da ƙarfi. Tozo ya tashi, ƙarami amma kyakkyawa. Maimakon Uwaisu ya tsaya, sai ya bi tozon da gudu don ya ga karon da idonsa.

Ya gani kuwa. Suka haɗu, ruwa ya miƙe sama, ya ɗan yi jim, sannan kowanne ya fito ta bayan ɗan'uwansa da siffarsa, ya ci gaba. Uwaisu ya saki baki. Sai da ya juya ya tuna ba kowa a gaɓa.

Ko da ya iso, gaɓar ta ɓalle, irin yana kwance cikin laka. Larai na durƙushe tana tsinta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya durƙusa gefenta, ransa ya ɓaci ƙwarai, suka yi ta tsinta.

Can ya kasa haƙuri. "Larai, wallahi ratsa juna suka yi."

Ta miƙo masa abin da ta tsira da shi. Bai cika tafin hannu ba.