Gawarwakin Shagon Sammani

Sammani yana share shagonsa karo na biyu a safiyar nan, yana tuna wa kansa cewa shi ya jawo. Faifan gem ɗin nan, na wasan da ake bugawa a talabijin, bai saye shi don ya san abin da ke ciki ba. Ya saye shi ne saboda mai sayarwar a Katsina ya kira shi Alhaji har sau uku, shi kuwa duk tafiyarsa ta gabas ba ta wuce Kano ba. Mutum mai shekara arba'in da tara, da furfura a gemu, bai kamata kalma ɗaya ta kwance masa kai ba. Amma ta kwance.

Shagon yana bakin kasuwar Batsari. Daga gaba cajin waya, daga ciki talabijin da na'urar gem da benci uku. Shekara shida matasa suna buga ƙwallo a wurin, ba a taɓa jin kansu ba sai gardama. Sabon faifan kuwa daban ne. Ba ka ganin jikinka, sai hannuwa biyu riƙe da bindiga, kana yawo cikin wani asibiti mai duhu, gawarwaki na tasowa kana harbi. Don abin ya ƙara armashi, Sammani ya haɗa shi da babbar lasifikar da ake kallon ƙwallo da ita.

Jiya ranar kasuwa, yana masallaci ana sallar la'asar, aka ji harbi. Mutumin Batsari ba ya tsayawa tambayar daga ina. Kasuwa ta watse, masu hatsi suka bar buhuna a buɗe, wata tsohuwa ta gurɗe ƙafa, shi kansa Sammani ya yi gudun da takalmin wani. Da aka ɗauki lokaci ba a ga baburan ɓarayin daji ba, sai wani ya ce ai daga shagon Sammani ne. Kafin magariba duk gari ya ɗauka. Mai unguwa Sharhabilu ya aiko cewa zai zo da hantsi ya ga abin da idonsa, daga nan a san ko za a rufe shagon. Shagon nan kuwa shi ke ciyar da gidan Sammani da gidan marigayi wansa.

Mai unguwa ya iso da Daudu, shugaban 'yan sa-kai, wanda ya jingine bindigarsa ƙirar gida a bakin ƙofa kamar sanda. Bayansu Hansai mai ƙosai, wadda ɓarayin daji suka raba da ƙauyen Wagini shekara uku da suka wuce, kuma jiya kaskonta ya kife da mai. Ba wanda ya gayyace ta, ba kuma wanda ya iya ce mata ta koma.

"Ranka ya daɗe, an kwana lafiya? Ya gajiyar jiya?" in ji Sammani.

"Gajiyar jiya kai za mu tambaya," in ji mai unguwa. "Kunna."

Sammani ya tayar da janareta, ya rage lasifika har ƙasa, ya kira Yazid ɗan acaɓa, wanda ya fi kowa iya wasan, ya nuna wa Daudu inda ake dannawa. Daudu ya riƙe hannun gem ɗin da yatsu kamar an ba shi jinjiri. Asibitin ya bayyana, jini a bango, fitila na ƙiftawa, wani abu na kuka daga ƙarshen baranda.

"Wa ke kuka?" in ji Hansai.

"Can za shi ya duba," in ji Yazid.

"Ya ji kuka cikin duhu, kuma can za shi? Wanga ba ya da uwa ne?"

Daudu ya yi taku uku ya tsaya. "Mene ne wannan hasken a bakin bindiga?"

"Tocila ce, Yaya Daudu."

"Tocila. Yana farauta cikin duhu da tocila a kunne. Ai sai ya ɗauki ganga ma ya riƙa bugawa. A kashe ta."

"Ba a kashewa."

Gawa ta farko ta fito tana jan ƙafa, tana nishi, hannuwa a miƙe. Daudu ya harbi rufi, ya harbi gado, a na uku ya same ta. Ya juyo ya dubi Sammani kamar shi ya haife ta.

"Wannan ce abin tsoron? Tana tafe a hankali, ita kaɗai, tana sanar da kai tana zuwa? Da haka namu suke zuwa, da ni kaɗai na tsare Batsari da Safana, har in leƙa Zakka da yamma. Namu uku-uku suke kan babur, ba sa nishi."

"Wasa ne, Malam Daudu," in ji Sammani, da murmushin da ya yi ta gwadawa tun asuba. "Turawa ne suka yi."

"Na ga alama. Dubi harsashi zube a ƙasa kamar gyaɗa, mutum na tafe yana tsinta. Mu sai mu yi wata muna lallaɓa guda shida. Kuma bindigar nan tun ɗazu ba ta cije ba ko sau ɗaya. Wanda ya yi abin nan bai taɓa ja ta ƙi tashi ba, ana tahowa kansa."

A daidai nan wata gawa ta faɗo daga rufi da ihu. Mai unguwa ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya ɗauka ya kaɗe, ya ce bencin ne ba shi da daidai. Kowa ya yarda bencin ne.

Allon ya yi ja, hannuwan suka fara rawa. Yazid ya ce a taka farin akwatin can, magani ne. Daudu ya taka, jan ya washe nan take.

"Ya warke?" in ji Hansai.

"Ya warke."

"Maigidana a cinya suka same shi," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Cinya kawai. Muka ɗora shi a mota tun safe. Bai kai Katsina ba."

Daudu ya juyo ya dube ta. Kafin ya mayar da ido kan talabijin gawarwaki suka taru suka cinye shi, allon ya yi baƙi, sai ga shi kuma tsaye a bakin asibitin da bindigarsa cike.

"Tsaya," in ji mai unguwa. "Ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu, ranka ya daɗe. Sai a sake."

"Matattu na tashi ba a busa ƙaho ba, shi ma ya mutu ya dawo ba hisabi. Sammani, da hankalinka ka kawo mana wannan?"

Sammani ya dubi Yazid, shaidarsa guda. "Gaya musu, kai da ka fi kowa bugawa. Ai yana da daɗi."

Yazid ya sosa ƙeya. "Gaskiya, Baba Sammani, ba ya da daɗi. Ba hanyar gudu. Duk ƙofar da ka baro sai ta kulle. Ni nakan buga ne don in ga ko akwai inda ake fita. Kwana tara ban gani ba."

Sammani ya fara lissafa a ransa wa zai ɗauke shi aiki da wannan furfurar, ya ga babu. Ya durƙusa, abin da bai yi ba tun yana neman aure. Ya ce kuskure ne, shi jahili ne, an yaudare shi a birni. Ya ce a fasa faifan, a fasa lasifikar in an ga dama, a bar masa ƙofa a buɗe.

Mai unguwa ya dubi Hansai. Ta ce ita ba kuɗin manta take nema ba, ta dai gaji da gudu, a fitar da abin nan daga unguwa. Daudu ya ce da ta tasa ce a ƙone shi, don yana koya wa yara shiga duhu da tocila. Aka yanke: faifai ya koma hannun mai unguwa, lasifika sai ranar ƙwallo, kuma bayan azahar Sammani ya miƙe a masallaci ya ba jama'a haƙuri. Shago ya ci gaba.

Ya ba da haƙurin da kyau, har ya ƙara da labarin takalmin da ya gudu da shi, mai takalmin ya amsa daga sahu na biyu. Masallaci ya ɗauki dariya irin wadda aka daɗe ba a yi ba. A waje mutane suka riƙa tsokanar juna, wane ya tsallake katanga saboda talabijin, wane ya bar jakinsa da kaya. Wani maƙwabci da ya ɗaure kayansa jiya zai kai iyali Katsina ya ce a kwance. Mutanen ƙauyen Karare da suka kwana a gari don tsoron hanya suka hau baburansu suka tafi. Daudu ya ce wa yaransa su je su huta yau.

Sammani ya dawo shago yana jin kansa sakayau. Ya mayar da faifan ƙwallo, ya jera wayoyin caji. Yazid na zaune kan babur ɗinsa a bakin ƙofa, bai tafi neman fasinja ba.

"Ka ci amanata ɗazu," in ji Sammani, yana dariya. "Amma na yafe. Shigo ka buga ƙwallo."

Yazid bai sauko ba. "Baba Sammani, akwai abin da ban faɗa ba."

"Don me?"

"Ba wanda ya tambaye ni. Kuma na ga kowa ya samu barci jiya." Ya dubi hanyar da masu baburan suka bi. "Kana tafiya masallaci fetur ya ƙare, janareta ya mutu. Sauran masu wasan suka tashi, ni kaɗai na zauna ina jiranka. Lokacin da aka yi harbin, talabijin a kashe take."