Akwatin Gana Mai Hoto

Ummussalma ma'aikaciyar ɗakin karatu ce a Haɗeja, ga ta da rawar kai. Shi ya sa da aka tara ma'aikata za a koya musu gane ire-iren tsofaffin hotuna da yadda ake adana kowanne, ita kaɗai ta zo da nata samfurin. Wani guntun fim ne da ta taɓa zarowa daga akwatin kakanta, marigayi Gana mai hoto, wanda ya ɗauki masuntan Guri da 'yan kasuwar Kafin Hausa tun zamanin Turawa. Burinta kuwa ta kwaso akwatin nan gaba ɗaya a adana shi yadda ya kamata.

Malam Ari, mai koyar da su, ya ɗaga fim ɗin a hasken taga. Hoton wani masunci ne a jiki, tsaye cikin kwalekwale. Malam Ari ya duba gefen fim ɗin, ya shinshina, sai fara'arsa ta ɗauke.

"Malama, wannan irin na da ne, wanda aka daina yi. Ya fi fetur cin wuta, ruwa ma ba ya kashe shi. Ina sauran?"

Nan take Ummussalma ta tuna inda sauran suke. Akwatin yana ƙarƙashin gadon mahaifiyarta, daf da inda ake ajiye kaskon turare kullum. Ta fita waje da takalmi a hannu, ta buga waya.

"Inna, don Allah ki fitar da kasko daga ɗaki. Abin da ke cikin akwatin Kaka wuta yake kamawa."

"Sai yau kika sani?" in ji Inna 'Yar'azumi, har da dariyarta. "Ai shi ya rufa mana asiri shekarar ambaliya. Itace duk ya jiƙe, kananzir babu. Guda ɗaya za ki sa, ki ga wuta. Har maƙwabta na sammawa. Allah ya jiƙan Baba, ya bar mana abin amfani."

Ummussalma ta jingina da bango. Ta taga tana hango Malam Ari sanye da safar hannu, yana lallaɓa masuncin nan cikin ambulan kamar ƙwai.

Ta ce, "Saura nawa, Inna?"

"Saura me? Ai tuni na zuba zannuwana a akwatin. In akwai wani a wurinki ki taho min da shi, hadari nake gani ta gabas."