Karɓe Jirgi Daga Hannun Kawu

Ɗakin gwaji ba shi da taga. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton akwati bisa ƙafafun ƙarfe, an ƙera cikinsa kamar gaban jirgin sama, har girgiza yake yi. Nan kamfani ke gwada sababbin matuƙa kafin ya ba su fasinja.

Auta ta shiga tana goge tafin hannu a jikin wando. Mai horarwa ya riga ya duba takardunta. Ya ce tuƙinta ba laifi, haɗarinta ɗaya ne: ba ta iya musu da babba. Don haka ya zaunar da ita gefen Kyaftin, wan mahaifiyarta, wanda ya shekara talatin yana tuƙi, kuma a gidansa ta girma. In ta faɗi yau, ba za a ba ta jirgi ba.

"Ɗaura bel, 'yar nan," in ji Kawu. "Kin zauna kamar za a cire miki haƙori."

Gilashin gaba ya cika da gajimare da ruwan sama. Suka fara saukowa, Kawu ke riƙe da sitiyari. Allurar tsayi ta nuna sun yi ƙasa fiye da kima, ga shi ba a hango titin sauka ba. Ƙa'ida ita ce a fasa, a koma sama.

"Kawu, kamar mun ɗan yi ƙasa."

"Na gani."

Bai ɗaga jirgin ba. A gida ko idonsa ba a kallo, balle a taɓa abin da ya riƙe.

"Kawu, ko za mu koma sama?"

"Ke kika koya mini tuƙi?"

Ƙararrawa ta fara kuka. Ta saci kallon hannunsa, ta ga bai ja sitiyari ba. Ta san akwati ne, ta san siminti ne a ƙarƙashinsu, amma ta kai hannu kan sitiyarin gabanta.

"Kyaftin, sake shi. Jirgi yana hannuna."

Ta ba injin wuta har ƙarshe, ta ja sitiyari. Akwatin ya ɗaga kai yana karkarwa, ƙararrawa ta yi shiru.

Mai horarwa ya kunna fitila daga kujerar baya. "Kin ci. Amma saura ƙiris ki kashe mutum ɗari da tamanin saboda kunya." Ya juya yana murmushi. "Kyaftin, ka iya wasa. Mun shirya ka yi kuskuren ganganci, amma har ni na tsorata."

Kawu bai yi dariya ba.

"A sauka ta biyu muka ce zan yi kuskuren," in ji shi. "Wannan ba wasa ba ne. Allurar ce ban gani da kyau ba. Rubuta mini takardar likitan ido."

Auta ta kwance bel, ta miƙe.