Ranar da Suweiba ta ɗaga Hajiya Badariyya sama

Da kuɗin karatun mijinta suka daina zuwa daga gida, sai Suweiba ta yi rajistar koyon aikin kula da tsofaffi. A Kano 'yan aiki biyu gare ta, ko kofin da ta sha shayi ba ta ɗaurayewa. Yanzu ga ta a wani ɗaki a saman shagon kifi a unguwar Barking, can ƙasar Turawa, ta rufe fuska da takunkumi don kada wani ya gane ta, tana neman izinin mutum-mutumin roba kafin ta goge masa baya.

Malamarsu Sadia, 'yar zangon Kumasi, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa.

"Suweiba, kin gaishe shi kafin ki taɓa shi?"

"Malama, roba ce fa."

"Yau roba, gobe uban wani. Sake!"

A sati na biyu aka kawo sabuwar ɗaliba, ita ma da takunkumi, har da baƙin tabarau. Zoben gwal ɗin hannunta ne ya tona ta. Hajiya Badariyya ce, shugabar ƙungiyar matan Arewa, wadda kowa ya sani da "babban aiki a fannin lafiya." Ita ce a walimar Sallah ta ce masu wanke tsofaffin Turawa sun zubar da mutuncin Arewa, mata suka yi ta gyaɗa kai, har da Suweiba.

Suka kalli juna. Ba wadda ta yi sallama.

Ranar darasin na'urar ɗaga marar lafiya daga gado, Sadia ta haɗa su: Badariyya ce tsohuwa, Suweiba ce mai kula. Suweiba ta ɗaura mata majanyin na'urar, ta danna maɓalli, shugaba ta tashi sama tana lilo, takalmi ɗaya ya faɗo.

Suweiba ta rusuna kamar yadda aka koya musu. "Hajiya, akwai inda ke miki ciwo? Ko a kai ki bayan gida?"

"Sauke ni, don Allah," in ji Badariyya ƙasa-ƙasa. "Ni bincike nake yi a kan yadda ake horar da masu wannan aikin."

"Allah ya ba da sa'a, Hajiya. Ni ma binciken ne ya kawo ni."

Ba ta yi saurin gano maɓallin saukewa ba.

A tashar jirgi Badariyya ta cire tabarau. Ta ce shekara guda ke nan Alhaji ba aiki, kuma mai gidan da suke haya ya ƙara kuɗi. Suweiba ta ji tausayinta har tasha uku, kafin Hajiya ta ce, "Amma ke kam ya dace da ke, kina da jikin wahala."

Duka suka ci jarrabawa, aka tura su gidan tsofaffi ɗaya. Suweiba ta saba da wata tsohuwa mai kiranta da sunan 'yarta, wadda ba ta cin abinci sai daga hannunta. Ta daina ɓoye rigar aikinta a jaka.

Wata Juma'a Badariyya ta bugo waya, murya kamar zuma.

"Ƙanwata, ki riƙe min aikin gobe mana. An gayyace ni unguwar Whitechapel in yi wa mata lacca."

"A kan me, Hajiya?"

"Riƙon gaskiya a ƙasar waje."

Suweiba ta ce za ta riƙe, amma a ajiye mata kujerar gaba a lacca ta biyu.