Shafi Huɗu na Mama Odessa

"Ba zan sa hannu ba, Yallabai."

Mista Dombrowski, magatakardan majalisar birninmu, ya cire tabarau ya ɗora a kan fayil. Shekara ashirin da shida ya yi a kujerar nan, ni kuwa watana tara kacal da gama karatun lauya.

"Charnelle, ba shawararki nake nema ba. Ki cire shafi huɗun nan, ki sa hannu cewa kundi ya cika, ki tafi ki ci abincin rana."

"In na cire ai bai cika ba ke nan."

"Oho! Lauya ta shigo gari."

Aikina shi ne haɗa kundin tarihin kowace doka da majalisa ta yi, tun daga daftarin farko har ƙuri'a, da duk abin da mutane suka faɗa ranar sauraron jama'a. A shekarar 2002 majalisa ta yi dokar hana rancen gida na zalunci, irin wanda ake sabunta wa tsofaffi ana ƙara kuɗin ruwa har gida ya suɓuce. Kamfanonin rance suka garzaya kotu, suka ce majalisa ba ta da hujjar an cuci kowa a birnin. Alƙali ya ce ranar Juma'a a kawo masa kundin dokar.

Hujjar kuwa tana cikin shafi huɗun. A zaurenmu minti uku ake ba kowa, da zarar jar fitila ta kama sai a kashe makirufo. Mama Odessa Tull, tsohuwar da ta shekara talatin tana dafa wa 'yan firamare abinci, ta tashi ta yi yadda ake yi a cocinsu. Ta gode wa Allah da ya tashe ta lafiya, ta gaida 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ta tambayi lafiyar matar ɗayansu. Fitila ta kama ba ta kai ga magana ba. Aka kashe makirufo, ita kuwa ta ci gaba da muryar nan tata ta jagoran waƙa. Ta karanto lambobin gida goma sha tara a layinsu, waɗanda dillalin rance ɗaya ya bi ƙofa ƙofa da alƙawarin gyaran rufi. Bakwai an riga an yi gwanjonsu. Mai buga bayanan zama ba ta daina bugawa ba har tsohuwar ta zauna.

"Abin da aka faɗa bayan fitila ba ya cikin zama," in ji Dombrowski.

"Nuna min a ƙa'ida."

"Al'ada ce."

"Ƙa'ida ta ce sai shugaba ya buga guduma mai magana zai tsaya. Bai buga ba, yana can yana raɗa da na kusa da shi. Na saurari kaset ɗin sau uku."

Kowa a ginin ya san dalili. Kamfanonin sun yi barazanar daina ba da rance a birnin baki ɗaya. Shugaban majalisa, Mista Garland Beasley, wanda ya ɗaga hannu a gaban 'yan jarida ya goyi bayan dokar, yanzu so yake ta mutu a hannun alƙali, ba mai ganin laifinsa. Hannuna ake so a takardar domin in asiri ya tonu a ce sabuwar yarinya ce ta yi kuskure.

Ranar Laraba Beasley ya kira ni ofishinsa.

"'Yar gidan Whitlock! Zauna, 'yata. Ina wajen ranar da aka yi miki baftisma, kin cika cocin da ihu. Ashe har yanzu ba ki daina ba."

"Ina wuni, Yallabai."

"Ya babanki? Yana nan a ma'aikatar ruwa ta birni, ko? Saura shekara biyu ya yi ritaya, in ban manta ba. An ce gwiwa na damunsa, shi ya sa aka ba shi aikin zaune." Ya turo min kwanon alawa. "Ki gaishe min da shi."

Na fito na koma bakin aikina. Da yamma na sami Baba a baranda yana ɓare gyaɗa, na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Gidan Odessa ne mai koren ƙofa?"

"Shi ne."

"Ita ta riƙa zuba miki wake cokali biyu a makaranta lokacin da aka rufe masana'antar da nake aiki." Ya karkaɗe ɓawo daga cinyarsa. "Ni ban tura ki karatu don ki zo ki tambaye ni ba. Amma kada ki ce min ba zai yi zafi ba, ban son ƙarya."

Ranar Juma'a da safe na ɗinke kundin, shafi ɗari huɗu da goma sha biyu, ba wanda ya fita. Na sa hannu. Dombrowski yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da na rungumo kwalin.

"Akwai masinja, Charnelle. Ajiye."

"Na gode, ina buƙatar shan iska."

"In kika fita da kwalin nan, kin fita ke nan."

Na raɓa ta gefensa. Layi shida ne tsakaninmu da kotu, na taka su da ƙafa, ban waiwaya ba sai da na ji ƙarar hatimin kotu a kan shafin farko.

Alƙali ya tabbatar da dokar, ya kuma ambaci gidajen goma sha tara a hukuncinsa. Wata bakwai ta yi tana aiki kafin majalisar jiha ta ƙwace wa birane ikon yin irinta. Gidan Mama Odessa bai tsira ba, don doka ba ta waiwayar rancen da aka riga aka ƙulla.

Ni an sallame ni ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan kai kundin. Na yi wata goma sha huɗu ba ofishin lauyan da ya amsa takardata, ina sayar da magani a kanti da digirina a jaka. Baba aka mayar da shi haƙar bututu a titi yana da shekara sittin da ɗaya. Ya cika shekara biyunsa bai roƙi kowa ba, kuma tun daga lokacin bai sake hawa bene ba sai da sanda.