'Ya'yan Tsattsewar Khadijatu

Malam Mainasara ya durƙusa tsakanin kunyoyin wake, gwiwoyinsa sun nutse a danshin ƙasa, yana tsintar ƙwari yana zubawa cikin gwangwanin madara. Bai taɓa ganin sauƙi irin wannan ba. Ƙananan fari da tsutsotsi da ƙudaje suna zube a gindin kowane tushe, babu mai motsi, kamar an shanya masa su. Hannunsa na dama, wanda tsufa ya sa wa karkarwa har ya ajiye alƙalami, yau bai buƙaci sauri ba. Ya ɗauka sanyin ruwan da aka kwana biyu ana yi ne ya kashe su.

"Tsarki ya tabbata ga Mai ciyar da tsuntsu a sheƙarsa," in ji shi a hankali.

Shekaranjiya ne ruwa ya karya azarar zaurensa a Danchadi. Rufin ya rufto tare da sheƙun tsattsewa da suka daɗe a jikinsa, waɗanda matarsa Khadijatu ta hana kowa taɓawa tun tana amarya. Cikin laka ya tsamo 'ya'ya huɗu da rai, ko gashin kirki ba su yi ba. Ya ɗora su kan katanga ko iyayen za su sauko. Iyayen suka yi ta shawagi har rana ta faɗi ba su sauka ba, ga kyanwa ta fara zagaye. Sai ya shimfiɗa auduga a ƙwarya, ya kai su ɗakin Khadijatu.

Khadijatu tana kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye, kuma tun farkon damina ta juya wa abinci baya. 'Yarsu Safinatu, ma'aikaciyar jinya a Shagari, ta faɗa a waya cewa in ta ci gaba da haka dole a kai ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Ita kuwa ta rantse ba za ta bar ɗakinta ba sai a makara. Amma ranar da aka ajiye ƙwaryar nan kusa da matashinta, ta ji kukan tsuntsayen, da bakinta ta nemi kunu.

Tsattsewa ba ta cin gero, sai abin da ke tashi. Jiya Malam ya wuni yana bin ƙuda da mafici, bai sami abin kirki ba, kuma ɗan abin da ya samu ya dame shi. Mutum ne da ke kawar da tururuwa daga buzunsa da gefen hannu kafin ya tayar da salla. Yau ga abinci ya zo ba tare da ya ɗauki ran komai ba. Ya cika gwangwanin, ya dafa sanda ya miƙe, yana godiya.

"Malam, ka daɗe," in ji Khadijatu da ya ɗaga labule. Maganarta tana fita ta gefen baki ɗaya. "Na ce ko ka sami bazawara can gona."

"Wace bazawara za ta ɗauki tsoho mai bin ƙuda? Duba ki gani."

Ta leƙa gwangwanin da ya karkato mata. "Kai! Duk kai ka kama wanga? Da hannun da ba ya riƙe cokali?"

"Ban kama ba. Ba ni aka yi."

Ya zauna a bakin gado, ya ɗauki tsinken tsintsiya, ya ƙwanƙwasa gefen ƙwaryar. Bakuna uku suka buɗe lokaci guda, faffaɗa, masu launin ɗorawa. Ya riƙa tsoma ƙwaro a ruwa yana kai wa kowanne, da bisimilla a kan kowace loma. Hannunsa ya sha kaucewa, Khadijatu tana dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta raɗa musu suna tun jiya: Sarkin Ci, Ladan saboda yawan kukansa, da Gimbiya. Na huɗun, ƙarami, ya lafe a gefe ido rufe. Malam ya shafa masa tsinke a gefen baki, ya lallashe shi, ya ƙi.

"Wanga irinki ne," in ji shi. "Taurin kai."

"Bar shi. Shi ya san abin da ke cikinsa."

Ta karɓi ludayi uku na kunu daga hannunsa kafin ta kawar da kai. A wurin Malam, ludayi uku ba ƙaramar kyauta ba ce. Ya gyara mata mayafi, ya ajiye gwangwanin a ƙofar ɗaki, ya tafi masallaci.

Da ya dawo daga sallar azahar ya tarar da ɗansa Maniru a ƙofar gida, yana sauke kwanon rufi da ya sayo a Bodinga daga kan a-daidaita-sahu. Maniru ya rusuna ya gaishe shi, ya share gumi.

"Baba, an ce an gan ka gonar wake da hantsi. Da ka jira ni. Kada ka ƙara shiga sai bayan kwana biyu."

"Don mi?"

"Na yi feshi jiya da marece. Maganin wanga karon mai ƙarfi ne, ko akuya ban yarda ta kusanci wurin ba. Ba ka ga yadda ya zubar da su ba? Kamar an share." Ya faɗi haka da jin daɗin manomin da kuɗinsa bai tafi a banza ba. Sai ya dubi fuskar mahaifinsa. "Baba? Lafiya?"

Malam ya wuce shi. Ya ratsa ta kangon zauren, sandarsa tana nutsewa a laka. A tsakar gida ya tsaya ya saurara. Kaji suna tono, ana daka a maƙwabta. Daga ɗakin Khadijatu babu kukan komai.

Barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Ya durƙusa gaban ƙwaryar. Sarkin Ci da Gimbiya sun riga sun sandare, ƙafafunsu a dunƙule. Ladan yana karkarwa, wuyansa ya lanƙwashe baya, bakin da ya buɗe masa da yarda ɗazu yana buɗewa yana rufewa babu sauti. Malam ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗiga masa ruwa, ya karanta abin da ya sawwaƙa. Hannun da tsuntsun suna rawa tare, har ɗaya ya daina.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Maniru yana tsaye a bakin ƙofa, ya ga gwangwanin, ya gane. Ya yi ƙasa da murya. "Baba, kawo su in fitar kafin Inna ta farka. Sai a ce mata iyayen sun zo sun ɗauke su."

Malam ya daɗe yana duban ɗansa. Maganar ta yi masa daɗi a kunne, wannan ne ya tsorata shi. Ya miƙa masa gawarwakin uku cikin auduga.

"Haƙa musu rami gindin dalbejiya. Gwangwanin kuma ka binne shi nesa da kaji. Abin da za a faɗa mata, wannan nawa ne."

Bai daɗe da zama ba ta buɗe ido. Ba ta dubi ƙwaryar ba, silin ta duba, tana saurare.

"Malam, ina Ladan? Bai kira salla ba."

"Ya rasu, Khadijatu. Shi da biyun. Ƙwarin da na kawo, maganin feshi ya kashe su, ban sani ba. Ni na ba su da hannuna."

Hawaye ya gangaro ta idon da ke ɓangaren da ya shanye, inda ba ta jin saukarsa. Ya sa gefen rawaninsa ya share mata.

"Kana ta bisimilla," in ji ta.

"Ina ta bisimilla."

"Allah ya ga niyya." Ta faɗe shi ne don shi, ya kuma san haka. "Saura mai taurin kan?"

Ya ɗauko ƙaramin ya ɗora mata a ƙirji. Ta rufe shi da hannunta mai lafiya. Yana numfashi da ƙyar, ƙashin ƙirjinsa a fili kamar bakin wuƙa. Malam ya jawo kwanon kunu, ya cika ludayi, ya kai bakinta. Ta kawar da kai.

"Safinatu za ta kira da la'asar," in ji shi. "Mi zan ce mata?"

"Ka ce mata in ya ci, in ci."

"Khadijatu, ba a yi wa Allah sharaɗi."

"Ba Allah na yi wa ba. Kai na yi wa."

Ya mayar da ludayin cikin kwano. Ya fita ya wanke hannuwansa da sabulu har gwiwar hannu, ya sake wankewa. Bayan madafa akwai ciyawar da ta fito da kanta, inda feshi bai taɓa zuwa ba. Nan ya durƙusa, ya ajiye sandarsa, ya bar maficin a inda yake.

Wani ɗan fara kore yana kan ganyen tafasa, yana motsa gashin kansa, lafiyayye, bai san da kowa ba. Malam ya kai hannu, karkarwa ta kore shi zuwa ganye na gaba. Ya matsa da gwiwa. Ya sake kaiwa, ya sake rasawa. Daga masallaci aka fara gwada lasifika. A aljihunsa waya ta soma ruri, ya bar ta tana yi.

Ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya riƙe shi gam har rawar ta lafa. Sa'an nan ya nemi gafarar Mahaliccin ɗan faran, ya yi bisimilla, ya rufe tafinsa a kansa. Yana jin ƙafafunsa suna harbi cikin hannunsa duk tsawon hanyar komawa ɗaki.